Sa Hannun Tsohon Soja

A Ingila an yi wata al'ada da ta kafu shekaru da dama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mai zane irin Robert Taylor zai zana jirgin Spitfire yana keta gajimare, a buga kwafi ƙididdigaggu, sannan a gayyato tsofaffin matuƙan jirgin zuwa gidan baje kolin zane. Su zauna da fensir a hannu, jama'a na bin layi, ana gaisawa, ana yi musu tambayoyi. Sa hannun nan shi ke ƙara wa hoton tsada, domin shaida ce ta wanda ya ga wutar da idonsa.

Mu ma fa kakanninmu sun ga wutar. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, aka kuma kama Myohaung a Janairun 1945 tare da Runduna ta 82. Hausa ce ma harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya. Sunayen wuraren sun tsira: ga barikin Myohaung a Legas, ga Burma Camp a Akara. Labaran mutanen kuwa a zaure da bakin kasuwa aka ba da su, kaɗan ne suka hau takarda, masu su kuma sun kusa ƙarewa.

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya saurari mahaifinsa, ya fitar da littafin Burma Boy a 2007. Jaruminsa Ali Banana Hausa yake yi, amma da Turanci muke karanta shi.