Yadda Aka Gyara Irin Kifin Tarawut

Tarawut kifin ruwan sanyi ne wanda Turawa ke kiwo. A da sai ya shekara 4 kafin ya yi ƙwai, mai shi kuwa yana ta zuba masa abinci. A cikin 1932 wani malami a Jami'ar Washinton ta Amurka, Lauren Donaldson, ya fara ware waɗanda suka fi saurin girma, su kaɗai yake bari su hayayyafa. Bayan shekara da shekaru ya sami irin da ke yin ƙwai a shekara 2. A cikin 1971 mutanen Norwe suka kafa tashar wannan aiki. Kifin da ya girma da wuri, abinci kaɗan zai ci kafin a kai shi kasuwa, sai riba ta ƙaru. Kyan ɗa dai ya gaji ubansa.