Bunƙasar Nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da Rabon Yankin Gude

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun yadda nazarin Hausa ya tashi daga darasin da Turawa ke koya don mulki da wa'azi har ya zama fagen ilimi mai digiri uku a Kano. Ta auna wannan bunƙasa da ma'aunin ƙauye, inda ta ɗauki Gude da kewayenta a ƙasar Kabo da Gwarzo a matsayin misali.

Asali

Tun kafin a kafa jami'a a ƙasar Hausa, an daɗe ana nazarin harshen a Turai. J. F. Schön ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, G. P. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Aiki ne mai nauyi, har gobe ana jingina da shi. Sai dai baƙo ne ya yi shi domin baƙo. Bahaushe yana wurin ne a matsayin wanda ake tambaya.

Kujerar mai tambaya ta fara komawa hannun 'yan gida bayan samun 'yanci. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai kwalejin ta koma ƙarƙashinta da sunan Abdullahi Bayero, kuma a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. A tsakanin nan, a 1969, aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda ta riƙa fitar da mujallar Harsunan Nijeriya.

A wancan lokacin ne kuma ɗalibai 'yan asalin Meziko a Amurka suke fafutukar a ba tarihinsu da adabinsu gurbi a jami'a, har aka buɗe sashen farko a Los Angeles a 1968. Su da zanga-zanga suka samu, a wata jami'ar ma sai da aka yi yajin cin abinci a 1993. A Kano ƙofa a buɗe take. Abin da aka yi fama da shi raini ne: tambayar nan da har yau ake yi wa ɗalibin sashen da ke koyar da Hausa, wai me Bahaushe zai karanta a Hausa.

Hausa ta koyar da kanta

Malaman farko a waje suka ƙarasa karatu. M. K. M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a Landan a 1969 kan nahawu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Indiana a 1975 kan Mamman Shata, ya kuma zo ya shugabanci Jami'ar Bayero. Da Ingilishi suka rubuta kundayensu, domin babu wata hanya a lokacin.

Babban abin da wannan ayari da ɗalibansu suka yi, wanda a ganin mai wannan bincike ya fi yawan gine-gine da yawan ɗalibai muhimmanci, shi ne mai da Hausa harshen koyar da Hausa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an samar da keɓaɓɓun kalmomi: tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, karin harshe, jigo, salo, zubi da tsari. An yi ta taruka da muhawara tsakanin Kano da Zariya da Sakkwato, har Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamusun waɗannan kalmomi a 1990. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa. Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta kundin digirinsa na uku da Hausa a 1988 kan makaɗan fada, sannan ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tarihin rubutu a littafinsa Hausa a Rubuce a 1988. Cibiyar kuma, wadda ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman a 1977, ta kammala Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Shekara ashirin da tara ke tsakanin ƙamusun biyu, kuma a tsakaninsu ne fagen ya tsaya da ƙafarsa.

Daga baya littattafan soyayya na Kano da finafinai suka shigo aji, bayan zazzafar muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi a jaridu a ƙarshen shekarun 1990.

Rabon Gude

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan titin Gwarzo ne. Duk mutumin Gude ko Kabo da ya hau mota zuwa birni ta wannan hanya sai ya wuce ƙofarta. Amfanin sashen da ke koyar da Hausa ya isa yankin ta hanya ɗaya tabbatacciya: malaman Hausa na firamare da sakandare, waɗanda suka yi karatu a kwalejojin ilimi na Kano a hannun ɗaliban waɗancan malamai. Yaron da ya san inda ake sa ɗ da ƙ, ya kuma san raba kalma, daga wannan silsila ya samu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da ta ce a fara koyar da yaro da harshensa, ita ta buɗe guraben aikin.

Ta ɗaya ɓangaren ne akwai gyara. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, don haka akan ɗauka duk wanda ke cikin Jihar Kano Hausarsa ɗaya ce da ta birni. Ƙasar Gwarzo kuwa ta yi iyaka da Jihar Katsina, hanyar Dayi da Malumfashi ta ratsa ta, kasuwanni da auratayya sun haɗa mutanen. Wuri irin wannan shi ne ya fi dacewa da mai nazarin karin harshe ya zauna, ya gano inda Kananci ke ƙarewa Katsinanci ya soma, gari bayan gari. Haka kalmomin noma: sunayen irin dawa da gero, matakan aiki daga sharar gona zuwa firi, maimai da girbi, kayan maƙera, waƙoƙin daɓe da na niƙa. Injin niƙa da siminti sun riga sun kawar da lokutan da ake rera wasu daga cikinsu, masu riƙe da su kuma tsofaffi ne.

Ɗalibin digirin farko yakan zaɓi fim ko littafi don kundinsa, saboda ba ya buƙatar kuɗin mota. Ba laifi ba ne. Amma yau kowace wayar hannu tana naɗar murya, kuma ɗaliban da suka fito daga Gude, Kabo da Gwarzo suna da abin da baƙo ba shi da shi: kakanni masu yarda su yi magana. Maƙalar tana ba da shawarar sashen ya tura irin waɗannan ɗalibai garuruwansu da tambayoyi iri ɗaya, cibiyar ta adana muryoyin da sunan gari da shekarar naɗa, sannan a mayar wa makarantun yankin kwafi domin malaman Hausa su yi darasi da shi.