Garun Tanimun da Ranar Tirmini

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan'uwa, wanda duk ya ratsa unguwar Birni a nan Zinder yana ganin ragowar garu da fadar Sarkin Damagaram. Mu tsaya yau mu tambayi kanmu: me ya tayar da wannan ƙarfi, me kuma ya karya shi?

Damagaram ta taso ne a ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa Kukawa. Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe sarauta daga tsakiyar ƙarni na 19 har wajen 1884, shi ne ya mayar da ita daula mai kwarjini. Ya kewaye Birni da garu mai ƙofofi, ya tara bindigogi daga fataken da ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta Agadas, ya sa maƙeran gari suka zuba igwa da hannunsu, ana haɗa albarushi a gida. Barno kanta ta fara shakkarsa.

To, amma ina aka juya bakin waɗannan makamai? Mafi yawa kudu aka juya su, kan maƙwabta. A zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, rundunar Damagaram ta kutsa ƙasar Kano, zamanin Sarki Alu Babba. Aka gwabza a Gezawa da Tattarawa, aka yi asarar mazaje da dawaki, aka kama bayi, birnin Kano kuwa bai ciwu ba. Masu kai hari da masu tarewa duk alƙibla ɗaya suke fuskanta.

Ana cikin haka baƙon ido ya iso. A watan Mayu na 1898 aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a Zinder, domin fada ta yi zargin yana kan hanyar ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ya riga ya rushe Kukawa a 1893. A ƙarshen Yuli na 1899 sojojin Faransa suka zo ramuwa. Sarki Amadu ya fita ya tare su a Tirmini, yamma da gari. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, sai dai igwar gida da dawaki ba su iya da bindiga mai aman harsashi a jere. Aka shiga Zinder ba tare da an kewaye garun ba ma, aka bi sarki aka kashe shi a watan Satumba. Babu maƙwabcin da ya kawo ɗauki. Rabe ya faɗi a Kusuri a 1900, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila a 1903. Ɗaya bayan ɗaya aka tsince su.

A cikin Suratul Anfal Allah Ya umarce mu da tanadin ƙarfi, a cikinta kuma Ya gargaɗe mu cewa jayayya tana tafiyar da ƙarfin. Magabatanmu sun cika umarni na farko da himma abar koyi. Na biyun ne ya kuɓuce wa sarakunan wancan zamani baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke riƙe da gaba da ɗan'uwansa, a gida ko a sahun masallaci, ya tuna da Tirmini, ya nemi sulhu tun kafin Juma'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya. Wassalamu alaikum.