Kwamfuta a Makarantunmu da Masana'antun Kano

A shekarar 1988, zamanin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a sakandare, aka fara da kwalejojinta. A ganina abin ya zo wa Kano a mugun lokaci. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ya kamata su ɗauki yaran aiki, har su agaza wa makarantu da na'urori, sun fara tangal-tangal tun shigowar shirin SAP a 1986. Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, ga rashin wutar NEPA. Masaƙu suka riƙa rufewa.

Wutar da ta gagari masaƙa kuwa, ina aji zai same ta? Shi ya sa a zamaninmu a allo aka zana mana kwamfuta da alli, muka haddace sassanta, muka ci jarrabawa.

Sai a 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, iyaye suka bazama neman inda yaro zai taɓa na'urar kafin ranar.