Malamin da ya koyar da tambaya

'Yan uwana mata, musamman na ƙasar Dawakin Tofa, Dawanau da kewaye, waɗanda ke sauraronmu daga cikin ɗaki ko bakin murhu. Yau shirin namu zai koma baya ne, zuwa zamanin En'e, don mu ga yadda wani malamin makaranta ya koya wa talaka ya tambayi mai mulki ina kuɗinsa suka shiga.

Ku tambayi tsofaffin gidanku labarin haraji. Da kaka ta yi, mai unguwa zai bi gida gida, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai baitulmali. Manomi ya sayar da gyaɗarsa, in ba ta isa ba ya taɓa rumbu ko akuyar matarsa, ya biya. Makiyayi kuma jangali. Bayan ya biya fa? Shiru. Ba a ma yarda cewa yana da bakin tambaya ba.

An haifi Malam Aminu Kano a 1920. Abin da nake so ku riƙe, tun da ku ne iyaye, a hannun mahaifiyarsa ya fara karatun Alƙur'ani, a cikin gida irin naku. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. Koyarwarsa ba ta tsaya kan allo ba. Yakan shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo, wani yaro ya fito a matsayin mai sarauta, wani talaka, a nuna cuta da cin hanci a fili, 'yan kallo suna dariya amma suna gane da wa ake. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ce wa “hakimi” bai yi daidai ba, ko da a wasa ne, to wannan tsoron ya ragu a zuciyarsa.

A Baucin nan ne ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a wani zauren muhawara, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke zama a tattauna. Wata rana Malam Aminu ya jefa tambaya: da me ake auna albashin sarki? Tambaya ce guntuwa, amma ta girgiza wurin, ba a daɗe ba aka rufe zauren. Ni a ganina nan ne darasin ya fi ƙarfi. Bai zagi kowa ba. Ya nuna ne kawai albashin daga aljihun talaka yake fitowa, saboda haka talaka na da ikon jin lissafi.

Kada wata ta ce ai wannan tunanin Turawa ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya rubuta wa Kano littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam, kan yadda ake riƙe jama'a da dukiyarsu. Da irin wannan hujja Malam Aminu yake magana, shi ya sa kayar da shi a muhawara ya yi wuya.

Ya je karo ilimi Landan a 1946, ya dawo, aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aiki ya shiga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara. Daga nan ajinsa ya koma kasuwa da dandali da zauren ƙauye. Ɗaliban nan sun sha wuya: bulala, tara, kurkuku. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta riƙa shiga wurin matan kulle tana yi musu bayanin haƙƙinsu, sau 16 ana ɗaure ta.

Sakamakon ya yi jinkiri. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, alhali na Kudu sun riga su da shekaru. A 1979 PRP ta Malam Aminu ta ci Jihar Kano, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, sannan a 1980 aka kafa hukumar ilimin manya, magidanta da matan aure suka shiga ajin yaƙi da jahilci.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Gwammaja, Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ɗalibai na zuwa su ga ɗan ɗakin da ya zauna. Daga Dawanau ba nisa, in an biyo titin Katsina an shigo gari. Wadda ɗanta ke sakandare, ta sa shi ya roƙi malaminsu ya kai su.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko tarihin Hajiya Gambo ita kaɗai.