Ofishin kula da poroje: ƙa'idodin da ake tafiyar da shi a kansu

Ofishin kula da poroje, wanda takardun Faransanci ke kira UGP, rukunin ma'aikata ne da ake kafawa domin wani aiki mai wa'adi: shi ke tsara jadawali, ya ba da kwangila, ya bi diddigin kuɗi, ya kai rahoto ga gwamnati da masu ba da tallafi. Ba shi ke haƙa magudanar ruwa ko shimfiɗa kwalta ba. Nasa shi ne ya tabbatar an yi su a kan lokaci, kuma a kan farashin da aka amince.

MCA-Niger misali ne na kusa. An kafa shi don aiwatar da yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016, wadda ta soma aiki a Janairun 2018, ciki har da gyaran gandun noman rani na Konni.

Ƙa'ida mafi nauyi ita ce raba hannuwa. A tsarin MCC, wanda ke shirya gasar neman kwangila daban, mai biyan kuɗi daban, kuma galibi dukansu kamfanoni ne daga waje da ofishin. A sama akwai kwamitin gudanarwa da ya haɗa wakilan gwamnati, na 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin farar hula. Wannan na jawo jinkiri, 'yan kwangila kuma sukan yi ƙorafi, amma yana hana mutum ɗaya ya zaɓi kamfani, ya karɓi aikin, sannan ya sa hannu a biya.

Sai wa'adi. Yarjejeniyar MCC galibi shekara biyar ce, kuɗin da ba a kashe ba kuma ba ya jiran kowa. Don haka binciken ƙasa da biyan diyyar masu gonaki dole su gabaci zuwan injuna. Inda aka bar su a baya, ɗan kwangila kan zauna yana lissafa kwanakin jira a kan kuɗin poroje.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ranar rufewa. Ofishin zai watse, motoci da ma'aikata su tafi. Tun shekarar farko ya kamata a san wace ma'aikata ko ƙungiyar manoma za ta karɓi magudanun, da kuma inda kuɗin yashe su zai fito kowace shekara.