Likitan Damuwa na Balkh

Duk ranar da aka ɗauko zancen lafiyar ƙwaƙwalwa a rediyo, ba a rasa mai bugo waya ya ce wannan ciwon Turawa ne, mutanen da ba su san shi ba. Tarihi bai goyi bayansa ba. Fiye da shekara dubu ke nan da wani malami Musulmi ya rubuta yadda mutum zai kula da zuciyarsa.

Sunansa Abu Zaid al-Balkhi. An haife shi wajajen shekarar 850 kusa da birnin Balkh, a Afganistan ta yau, ya rasu a 934. Ɗalibin al-Kindi ne, kuma an fi saninsa da ilimin taswirar ƙasa. Littafinsa Masalih al-Abdan wa al-Anfus kashi biyu ne, na jiki da na rai. A cikinsa ya ga laifin likitocin zamaninsa da suka tsaya kan jiki kaɗai, alhali mutum na iya shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya ya wuni bai ji ɓacin rai ko fargaba ba.

Ya kasa matsalolin gida huɗu: fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Inda ya fi burge ni shi ne batun tanadi. A ganinsa, yadda mai hankali ke ajiye magani a ɗaki tun ciwo bai zo ba, haka ya kamata ya tara tunani nagari lokacin da hankalinsa ke kwance, ya riƙa tuna wa kansa cewa duniya ba ta taɓa tafiya daidai da son ran kowa ba. Ran da tashin hankali ya zo, sai ya ɗebo daga abin da ya tara. Wanda fushi ya riga ya rufe wa ido ba ya iya ƙirƙiro sabuwar dabara.

Bai ce haƙuri ne maganin komai ba. Ya raba baƙin ciki biyu. Akwai mai sanadi, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wanda nasiha da gyara tunani ke sauƙaƙawa. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya hana shi walwala. Wannan ya danganta shi da jiki, ya ce sai an haɗa da magani. Mai waswasi kuwa ya hore shi da gujewa kaɗaici da zaman banza.

Littafin ya daɗe a kwance cikin rubuce-rubucen hannu na Ayasofya a Istanbul. A 2013 ne Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fitar da fassarar kashi na biyu da Turanci, yana nuna kusancinsa da maganin gyara tunani da asibitoci ke amfani da shi yau.